Wayar ƙanwata ta fashe, na ce ni zan canza sikirin ɗin da hannuna

Wayar Samsung Galaxy A12 ce, irin wadda ta fito ƙarshen 2020, ta hannu ta saye ta amma lafiyarta ƙalau, batirinta 5000mAh yana wuni bai ce komai ba. Da ita ƙanwata take sana'a, atamfa da leshi da turaren wuta take sayarwa a WhatsApp, lambobin kwastomomi da lissafin masu bashi da hotunan kaya duk suna ciki, wato shagonta ne guda a tafin hannu. Ran wata Laraba tana saukowa daga adaidaita sahu, jaka a hannu ɗaya leda a ɗayan ga wayar ta maƙale a tsakanin yatsu, sai kawai ta suɓuce ta daki kwalta da kusurwa. Da a kwance ta faɗi ƙila sikirin gad ne kawai zai tafi, amma faɗuwar kusurwa ita ce mafi muni don duk nauyin bugun a ɗan wuri ɗaya yake taruwa, daga nan tsagewar take bazuwa kamar saƙar gizo.

Da ta kawo min da daddare idonta ya yi ja. Na duba, gilashin ya tarwatse daga ƙasa ta hagu, baƙin tabo kamar an zubar da tawada ya fara cin kusurwar, sannan rabin ƙasa na wayar ba ya jin taɓi sam. Nan na san ba maganar gilashi ba ce kaɗai. Mutane da yawa suna ɗauka sikirin abu ɗaya ne, alhali hawa-hawa ne, akwai gilashin sama da kake shafawa, akwai tac ɗin da ke gane yatsa, sai LCD da ke nuna hoto da fitilarsa a baya, kuma a wayoyin yanzu duk a manne suke da wani gam mai haske tun daga kamfani. In gilashi ne kawai ya tsage hoto na nan garau tac na aiki, akwai injiniyoyin da ke da injin raba su su sa sabon gilashi, wannan ba aikin gida ba ne ko kaɗan. In kuwa tawada ta zubo to LCD ya mutu, kuma tabon ƙaruwa yake kullum, sai dai a canza gaba ɗaya.

Na ce mata gobe mu kai wa mai gyara, ta ce a'a. "Yaya za su ce in ba su fasuwod." Ban yi mata musu ba don gaskiyarta ne, mai gyara yana buƙatar buɗe waya ya gwada tac da kyamara da sifika bayan ya gama, ba mugunta ba ce, aikin ne ya gaji haka, kuma yawancinsu masu amana ne suna neman halak ɗinsu. Amma yarinya ce budurwa, akwai hotunanta na biki da na ƙawayenta ba mayafi, akwai manhajar banki, akwai hirarrakin da ba na kowa ba, kuma ba ta da hanyar sanin wane ne zai riƙe wayar in an ce mata ta je ta dawo bayan la'asar. Samsung sun kawo wani tsari a 2022 tare da manhajar wayoyinsu One UI 5, tsarin da ke kulle duk bayananka ya bar wa mai gyara waya fayau ya yi gwajinsa, abu mai kyau wallahi, sai dai tata a Android 12 ta tsaya ba ta da shi. To dalilin da ya sa na shiga aikin ke nan, ba don rowar kuɗin aiki ba.

Kafin komai sai da muka kwashe kayan ciki, kuma wannan matakin na fi so kowa ya riƙe ko da ba zai taɓa buɗe waya ba a rayuwarsa. Tac ɗin ƙasa ya mutu ba ta iya danna lambobin sirrinta, wayar kuma ta mutu ta kunnu a faɗuwar don haka ba ta karɓar yatsa sai an fara sa fin. Na samo ɗan OTG mai kan taif-si, wato ɗan mahaɗin da ake sokawa a ramin cajin waya, na jona linzamin kwamfuta na ofis, kibiya ta fito a kan sikirin ɗin, da ita ta danna fin ɗinta ni ina kallon bango. Muka tura bakof ɗin WhatsApp zuwa Google Drive, hotuna muka juye su a kwamfuta, muka tabbatar ta tuna fasuwod ɗin imel ɗinta, wanda sai da aka yi kusan rabin awa ana lalube kafin ta tuno. Da mun bari kwana biyu tawadar ta rufe fuskar da ko kibiyar ba za mu gani ba.

Washegari na shiga Farm Centre. Duk ɗan Kano ya san in dai kayan waya ne can ne ko titin Beirut, ba abin da ba za ka samu ba daga fileks, siririyar igiyar da ke haɗa sassan cikin waya, wanda bai kai farce ba har injin gasa sikirin. Shagon da na tsaya wani matashi ne, ina cewa A12 ya ce "Alhaji wacce daga ciki?" Ashe iri biyu ce, akwai SM-A125F mai injin MediaTek Helio P35, akwai SM-A127F da ta biyo baya a 2021 mai Exynos 850, a ido kamar tagwaye. Ya ce shi ba ya ba da kaya sai ya ga lambar don kada a dawo ana rigima. Na kira ta ta karanto min daga bayan wayar, A125F ce.

Sai ya zube min kala uku a kan kanta. Na farko wanda aka ciro daga jikin wata wayar, asalin na kamfani, shi ya fi tsada kuma shi ya fi haske da kala. Na biyu sabo ne ɗan China mai kyau, na uku mai araha wanda shi da kansa ya ce min in za ta riƙa fita rana da shi za ta sha wahalar gani, kuma tac ɗinsa kan yi gardama in ana caji. Na ji daɗin gaskiyar yaron. Bayan wannan kuma akwai wata tambayar da ta fi ta kala muhimmanci ga wanda zai yi aikin a gida, wato mai firam ko marar firam, firam shi ne ƙashin wayar da sikirin ke zaune a kai, kuma a nan na daɗe ina tunani don kowanne da irin wahalarsa.

Marar firam shi ne sikirin zalla. Sai ka gasa tsohon da zafi wajen digiri 70 zuwa 80 har gam ɗinsa ya saki, ka ɓamɓare shi, ka kankare duk ɓarɓashin gilashi da tsohon gam daga bakin firam ɗin, ka shafa sabon gam irin B-7000 ko baƙinsa T-7000 siriri ba tare da ya malala cikin sifikar kunne ko kyamarar gaba ba, ka ɗaure da kyauro ka bar shi ya kwana. Ɗan gilashi ƙwaya ɗaya kamar tsakuwar shinkafa in ya rage a ƙarƙashi, kana dannawa sabon sikirin ɗin zai tsage, kuɗinka sun tafi. Kuma in faɗuwar ta lanƙwasa firam ɗin ko kaɗan ne sabon ba zai zauna daidai ba. Mai firam kuma an riga an manna shi a sabuwar ƙashin waya, ba ruwanka da gam ba ruwanka da gasa gilashi, amma fa sai ka kwashe kayan cikin wayar kaf ka mayar sabon gida, fanel babba wato allon da ke ɗauke da injin wayar, ƙaramin fanel na caji, kyamarori, sifika, motar girgiza, wayar eriya, har da batir, kuma batirin nan shi ne abin tsoro. Na duba kusurwar da ta daki ƙasa na ga ta ɗan lotsa, shi ya yanke min hukunci, na ɗauki na biyu mai firam.

Yaron ya ja min kunne kan abu ɗaya, ya ce kada in cire ledar fuska kada in goge hatimin da ya buga a bayan fileks sai na gwada na ga ya kawo, in na cire to ya zama nawa. Na haɗa da ƙaramin sukundireba mai kan kuros, da 'yan robobin ɓamɓara, da hantsaki, da kwalbar isofurofil wani irin sifirit mai sa gam ya saki, da tef mai manne biyu na batir. Kuɗin kayan aikin nan kaɗai ya cinye kusan duk abin da zan ba injiniya na aikin hannu, tun a kasuwar na gane ba wata riba ta kuɗi a ciki.

Ranar Asabar bayan sallar walha na zauna. Lokacin hunturu ne, ƙura ko'ina, don haka na rufe taga na goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma na shimfiɗa farin ƙyalle, kuma na riƙa taɓa ƙarfen ƙofa kafin in taɓa fanel saboda wannan tartsatsin da ke kama mutum a bushewar iska, wanda yake sa ka zabura in ka taɓa mota, shi ma yana iya lalata ƙananan kayan lantarki ba tare da ka ga komai ba. Tun daren jiya na sa ta bar wayar ta sauka ƙasa da kashi 25, domin batirin litiyom in aka huda shi yana cike da caji wuta yake kamawa mai hayaƙi mai guba, in ya yi ƙasa haɗarin na raguwa sosai. Na lulluɓe fasasshen gilashin da salatif don kada ya yanke ni, na kashe wayar, na cire tiren sim.

Bayan A12 roba ne kuma ba gam, ƙananan haƙora ne ke riƙe da shi, sai ka sa roba siririya tsakanin sikirin da murfi ka bi gefe-gefe kana jin ƙas ƙas. Wannan ya zo da sauƙi har na saki jiki, kuma a nan na yi kuskuren farko. Na'urar karanta yatsa tana jikin maɓallin kunnawa na gefe, shi kuma yana tafiya da murfin, akwai wani fileks siriri kamar ganyen albasa da ya haɗa shi da fanel. Na san da shi, na gani a bidiyo har sau biyu, ya kamata in buɗe murfin a hankali kamar littafi in fara cire fileks ɗin. Amma haƙorin ƙarshe ya ƙi saki na ɗan ƙara ƙarfi, murfin ya fizgo gaba ɗaya. Ban ji ƙara ba ban ga komai ba a lokacin, sai da na ɗaga shi a haske na ga ya tsage rabi. Gabana ya faɗi don wayar amana ce ba tawa ba. Na ajiye komai na fita tsakar gida na sha ruwa na dawo, don na san in na ci gaba da wannan zafin zuciyar sai na ƙara ɓata wani abu.

Daga nan na koma tafiyar hawainiya. Na zana siffar wayar a takarda, duk sukurun da na kwance sai in manna shi da salatif a daidai gurbinsa a zanen, saboda a wasu wayoyi musamman iPhone tsayinsu ba ɗaya ba ne, in ka ɗaura dogo a ramin gajere sai ya huda layukan fanel, wayar ta tafi ke nan a kan sukuru ɗaya. Kowane mataki na ɗauki hoto da tawa wayar. Ina ɗaga murfin fanel abu na farko na cire kan batir da roba ba da ƙarfe ba, kafin in taɓa kowane fileks. Masu gyara sun san dalili, in ka cire ko ka jona sikirin batir na haɗe, ko da wayar a kashe take, akwai wuta a wasu layukan, ɗan gocewa kaɗan sai layin fitilar sikirin ya ƙone, ka sa sabo ka ga duhu ka ɗauka an cuce ka a kasuwa alhali kai ka kashe shi.

Sai gwaji. Ban fitar da komai daga tsohon firam ba, na cire fileks ɗin tsohon sikirin na jona na sabon yana kwance a gefe da ledarsa, na mayar da batir na kunna. Sunan Samsung ya bayyana tas, ƙanwata da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce "Alhamdulillahi Yaya ya kawo!" Na ce ta zo ta sa fin, sannan na shiga wurin kira na danna *#0*#, wannan lambar a wayoyin Samsung tana buɗe shafin gwaji, ka danna ja ya cika fuska da ja, kore haka, shuɗi haka, ka ga ko akwai ɗigon da ya mutu, sannan akwai na tac da za ka bi akwatuna da yatsa har su cika. Duka ya wuce lafiya. Na kashe na sake cire batir.

Fitar da batirin ya ci min kusan minti 40 shi kaɗai. An manna shi da gam mai ƙarfi kuma ba shi da 'yar igiyar ja irin ta wasu wayoyi. Abin da zuciya ke raya maka shi ne ka zura sukundireba ka ɗaga, kuma wannan shi ne ainihin abin da ke jawo gobara, fatar batirin laushi gare ta kamar ledar madara, ba ya son lanƙwasa ba ya son tsini ba ya son zafi mai yawa. Na riƙa ɗiga isofurofil a gefensa ina karkata wayar ya gangara ƙasa, in jira minti biyu uku, in zura tsohon katin roba a kwance in ɗan matsa, in ƙara ɗigawa. Sifirit ɗin kemis ban yarda da shi ba don wani akwai ruwa da yawa a ciki, shi kuwa isofurofil mai ƙarfi nan da nan yake bushewa. Na ajiye kwanon yashi kusa da ni ko da wani abu zai faru. A ƙarshe ya saki a miƙe ba ko lanƙwasa, da ya lanƙwashe da ba zan mayar da shi ba sai dai sabo.

Sauran kwashe-kwashen ba wuya sai dai ido. Sai ka ajiye tsohon firam da sabo gefe da gefe ka riƙa kwatantawa, duk abin da ke jikin tsoho babu a sabo to naka ne ka ɗauke, sifikar kunne, motar girgiza, fileks ɗin maɓallan ƙara sauti, har 'yar robar da ke zagaye da makirfo. Na mayar da komai, na ɗaure, na rufe, na kunna. Waya ta tashi, hoto kyakkyawa, sai dai sabis sanda ɗaya yana zuwa yana ɗaukewa, a ɗakin da kullum yake cike. Na canza sim, haka. Na kashe na kunna, haka. Raina ya ɓaci na fara zargin ko fanel na taɓa, sai na koma kan hotunan da na ɗauka ina duba su ɗaya bayan ɗaya, a nan na ga wata siririyar waya da ke bin gefen firam daga fanel na ƙasa zuwa na sama, kanta ɗan ƙarfe ne zagayayye kamar kan allura. Wayar eriya ce. Na mayar da ita a hanyarta amma ban danna kan ya shige ba, yana zaune ne kawai a sama. Na sake buɗewa, wannan karon kamar mai ɗaukar ƙwai, na cire batir, na daidaita kan da hantsaki na danna da farce har na ji ɗan ƙit. Sabis ya cika. Ba don hotunan nan ba da sai na kwashi wayar na kai kasuwa ana neman ciwon da babu shi.

Gaba ɗaya awa huɗu da wani abu na yi, aikin da yaran Farm Centre ke gamawa kana tsaye kafin ka shanye lemo. Tun ranar na ƙara ganin girmansu, hannun da ya buɗe waya dubu ya san inda haƙori ke ƙin saki, ni kuwa a kan wayar ƙanwata na koya. A ƙasashen waje sai kwanan nan ake ta fafutukar a ba mutane damar gyara kayansu, Apple sai a 2022 ya fara sayar wa mutane kayan gyara kai tsaye a Amurka, Tarayyar Turai kuma daga Yunin 2025 ta wajabta wa masu ƙera waya su ci gaba da samar da kayan gyara har shekara 7 bayan sun daina sayar da samfurin. Mu nan kayan na nan a buhu-buhu, masu gyara na nan a kowane layi, abin da muka rasa shi ne hanyar da mace za ta miƙa wayarta hankalinta kwance.

Da wayar iPhone ce da ban taɓa ba, sukurorinta na musamman ne, akwai gam na hana ruwa, kuma na'urorin gaba masu gane fuska in ka lalata su ba a musanya su da na kasuwa haka kawai. Haka wayoyi masu sikirin OLED mai lanƙwasa a gefe ko masu karanta yatsa a cikin sikirin, kuɗin sikirin ɗin kaɗai ya isa ya hana ka gwaji. Haka in batir ya kumbura ya fara ɗaga murfi, wannan kada ma ka sa masa hannu. A12 ta yi min sauƙi ne don bayanta ba gam kuma LCD ne mai araha, in na ɓata ba zan shiga uku ba, amma duk da haka sai da na tsinka abu.

Da aka lissafa, kuɗin sikirin da kayan aiki da sabon fileks ɗin yatsa da na koma na saya ranar Litinin, na kashe fiye da abin da za a caje mu da mun kai shago tun farko. Na faɗa mata haka ban ɓoye ba, na kuma ce mata nan gaba in ta sake faruwa akwai hanya ta tsakiya da ban yi tunaninta ba sai daga baya, mu kwashe komai da linzami kamar yadda muka yi, mu cire sim da memori, in raka ta mu tsaya a gaban injiniya ya yi aikin muna gani, in lokacin gwaji ya zo ita za ta sa fin da hannunta ta gwada da kanta. Yawancinsu ba sa ƙi in ka yi magana da mutunci kuma ka zo lokacin da ba cunkoso.

Fileks ɗin yatsan na canza shi cikin minti 15, ta sake rajistar babban yatsanta ya karɓa. Yau wata uku ke nan wayar na aiki, tac bai taɓa yin gardama ba, abu ɗaya da ta lura shi ne in ta fita tsakar rana sai ta ƙure haske kafin ta ga kalar atamfa sosai, don haka yanzu a inuwar zaure take ɗaukar hotunan kaya. Na sa mata sikirin gad mai kauri da riga mai tudu a kusurwoyi huɗu, tsohon sikirin ɗin kuma yaron shagon ya ce in kawo masa firam ɗin yana da amfani a wurinsa, na kai masa ranar da na je sayen fileks.